Tambayoyi da amsoshi: yadda ake saita tushen boltej idan za ka auna hayaniya a LTspice da ngspice

Duk shekara idan lokacin furojet ya zo sai saƙonni su yi ta shigo min daga ɗaliban ilektironik, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, wani ya zana amfilifayarsa tsaf a LTspice ko ngspice, wato manhajojin gwada sakit a kwamfuta, ya danna Run sai giraf ya fito da wasu lambobi da bai san kansu ba. Na gaji da rubuta amsa ɗaya sau ashirin shi ya sa na tara su a nan. Abin da nake kira hayaniya shi ne wannan shuuu ɗin da kake ji a lasifika lokacin da babu mai magana a makirfo, wanda kayan da ke cikin sakit ɗin ne da kansu suke haifar da shi, rezista da turansista da sauransu. Tushe kuma ina nufin V1 ko V2 da kake ajiyewa a zane.

Malam na ba V1 SINE, na canza girmansa daga 10m zuwa 1, amma giraf ɗin hayaniya ko motsi bai yi ba. Kwamfutata ce ke da matsala?

Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Umarnin .noise, wato mai lissafin hayaniya, ba ya kallon SINE ko PULSE ɗinka, waɗannan na .tran ne, inda ake bin sigina daƙiƙa bayan daƙiƙa. Shi .noise abin da yake yi daban ne: da farko ya lissafa inda sakit ɗin ya tsaya a DC, wato boltej nawa ne a kowace mahaɗa, karant nawa ke bi ta kowace turansista, daga nan sai ya ɗauki sakit ɗin a matsayin miƙaƙƙe a daidai wannan wurin, ya liƙa wa kowace rezista da kowace turansista ɗan tushen hayaniyarta, ya bi kowanne har mafita ya ga nawa ya isa can, sannan ya haɗa. Shi V1 a duk wannan aikin bebe ne, ba ya fitar da hayaniya ko ɗigo, ana ɗaukar sa kamar waya ce kawai aka ɗaure tsakanin ƙafafunsa biyu. Tun SPICE na farko da aka yi a Berkeley a 1973 tsarin ke nan, kuma LTspice da ngspice da PSpice duk jikokinsa ne.

To in dai bebe ne, me ya sa umarnin ke neman sunansa?

Saboda lamba biyu ake ba ka. Ga yadda layin yake:

.noise V(out) V1 dec 100 20 20k

dec 100 20 20k na nufin maki 100 a kowane ninki goma na firikwensi, daga 20Hz zuwa 20kHz. V(out) wurin da kake saurare ne, shi ke ba da onoise, hayaniyar da ta isa mafita. V1 kuma wurin da za a mayar da lissafin ne, sai a raba onoise da ninkin da sakit ke yi daga V1 zuwa mafita, abin da ya fito shi ne inoise. Amfaninsa shi ne amfilifaya mai ninka sigina sau 1000 dole mafitarta ta fi mai ninkawa sau 10 hayaniya, amma wannan ba ya nufin ta fi ta muni, sai ka mayar da su biyun bakin ƙofa kafin ka san wacce ta fi tsabta. V1 shi ne bakin ƙofar. Idan ka rubuta sunan tushen da ba shi ba, misali na batir, onoise ba zai canza ba amma inoise zai zama shirme, kuma manhajar ba za ta ce maka uffan ba.

Dole ne in sa AC 1? Ni makirfona milibolt kaɗan yake bayarwa, bolt ɗaya ba zai cika amfilifayar ba?

Ba zai cika ta ba, domin a wannan lissafin babu wani abu wai shi cika, sakit ɗin an riga an miƙar da shi, ko AC 1000 ka sa lissafi ne kawai na ninkawa. Ka sa 1 saboda shi ne ke sa lambar mafita ta zama daidai da ninki, kuma ka samu damar yin .ac, wato gwajin ninki a kowane firikwensi, da zane ɗaya ba tare da ka taɓa komai ba. A ngspice in ba ka sa AC a tushen ba ma ƙin aiki zai yi, ya ce tushen da ka ambata ba shi da ƙimar AC. A PSpice kuwa hayaniyar a cikin saitin AC Sweep take, sai ka yi amfani da VAC. Ɗabi'ar da na riƙe a ko'ina ita ce tushe ɗaya tak ke da AC 1, wanda na ambata a layin .noise, sauran duka babu AC a jikinsu, da haka ko na kwashi fayil daga wannan manhaja zuwa waccan ba na fargaba.

V1 in 0 DC 0 AC 1

Shi DC ɗin fa, in bar shi a sifili?

Nan ne wurin da ya fi cin mutane, ni ma ya ci ni. Akwai lokacin da wani masallacin unguwa suka ce in duba musu abin da ke sa lasifikarsu shuuu da asuba kafin ladan ya fara, sai na ce bari in zana musu ƙaramar amfilifayar makirfo ta daban mai aiki da batir guda ɗaya mai bolt 12. Na zana, na haɗa V1 kai tsaye da ƙafar shiga ta ofam (op-amp, cif ɗin da ke ninka siginar), DC 0, na danna Run, sai onoise ya fito ɗan mitsitsi har na fara jin kaina wai na yi abin da kamfanoni suka kasa. Allah ya taimake ni na leƙa inoise na gan shi ya haye sama babu kai babu gindi, na yi .op, umarnin da ke nuna boltej da karant na DC a kowane wuri, ashe mafitar a manne take da ƙasa, ofam ɗin ba ya aiki sam. Amfilifayar da ta mutu ai dole ta yi shiru.

Saboda haka kafin ka taɓa .noise ka fara yin .op ka karanta lambobin da idonka. In batir ɗaya ne na 12, ƙafar shiga tana son ta zauna wajen 6, mafita ma haka. Ko dai ka ba V1 DC 6, ko kuma, wanda ya fi kama da abin da za ka haɗa a zahiri, ka sa kafasita tsakanin V1 da ofam sannan rezista biyu su raba wutar su ba da 6 ɗin. Na biyun ya fi domin su waɗannan rezistocin suna da tasu hayaniyar, 100k biyu a idon sigina 50k ne, a tsakiyar zango kafasitar da makirfon suna danne ta, amma can ƙasa inda kafasitar ta fara toshewa sai ka ga giraf ya ɗaga. Wanda ya yi gajeriyar hanya da DC 6 ba zai taɓa ganin wannan ba.

Wani tarkon kuma: in ka rubuta SINE kawai ba ka rubuta DC ba, manhajar za ta ɗauki matsayin da siginar take a lokacin sifili ta yi lissafin DC da shi, ga SINE na yau da kullum wannan shi ne lambar farko ta cikin bakan. Ga PULSE kuma lambar farko ce, wadda galibi 0 ce, to in da PULSE kake kunna wutar sakit ɗin a .tran, a .noise sakit ɗin a kashe yake. Haka in ninkin DC ɗinka babba ne, ka ce sau 1000, ɗan karkacewar milibolt 5 a mashiga ta zama bolt 5 a mafita, ta iya kai ka bango ba ka sani ba.

A turansista kuwa DC ɗin shi ne hayaniyar ma kanta, domin hayaniyar da Schottky ya bayyana a 1918 da karant take tafiya, 2qI a ƙarƙashin sikwaya-rut (q cajin ilektiron, I karant), miliam ɗaya yana ba da kusan 18 pA/√Hz, wato fiko-am 18 a kowane sikwaya-rut na Hz, ma'aunin hayaniyar karant. Ka canza bayas, wato matsayin DC ɗin da ka ajiye turansistar, ka canza amsa.

Na haɗa V1 kai tsaye da ofam, DC daidai, amma oga ya ce lambar ƙarya ce. Ta yaya?

Ogan naka ya yi gaskiya. V1 na manhaja juriyarsa sifili ce, kuma babu makirfo ko sensa a duniya mai juriya sifili. Dole ka sa rezista a jere da V1 mai wakiltar abin da za ka jona a gaske, makirfon hannu irin na masallaci da wurin biki tsakanin om 150 zuwa 600 suke, fikof ɗin gita ko sensa mai fizo kuwa sun yi sama sosai. Wannan rezistar abu biyu take yi. Na ɗaya tana da nata shuuu ɗin, wanda Johnson ya auna Nyquist ya yi masa lissafi a 1928 a Bell Labs, 4kTR a ƙarƙashin sikwaya-rut (k lambar Boltzmann, T zafi a Kelbin, R juriya). Ka haddace lamba ɗaya ta ishe ka: 1k a digiri 27 tana ba da kusan 4 nV/√Hz, wato nanobolt 4 a kowane sikwaya-rut na Hz. In ka ninka juriya sau 100 hayaniya ta ninku sau 10, saboda haka 100k kusan 41 ne, 1Meg kusan 129, om 150 kuma 1.6. Na biyu, ofam yana da hayaniyar karant a ƙafafunsa, kuma wannan karant ɗin ba ya zama boltej sai ya samu juriyar da zai bi, in ka ba shi sifili ya ɓace daga lissafi gaba ɗaya.

Bari mu yi da lambobi. Ɗauki ofam NE5532, detashit, wato takardar bayanansa daga kamfani, ya ce wajen 5 nV/√Hz da 0.7 pA/√Hz a 1kHz. Makirfo om 150, rezistar fidbak 10k da 100, ninki 101. Ofam 5, makirfo 1.6, rezistocin fidbak a haɗe om 99 ne suna ba da 1.3, karant sau 150 bai wuce 0.1 ba. Ba a tara su kai tsaye, kowacce sai ka ninka ta da kanta, ka tara, ka cire sikwaya-rut, kamar yadda 3 da 4 ke ba da 5. Amsa kusan 5.4 nV/√Hz. A nan ofam TL072 mai 18 nV/√Hz ba ya ko kusa.

Yanzu canza rezistar tushen zuwa 100k ka bar komai yadda yake. Ita kanta 41, karant ɗin NE5532 sau 100k ya zama 70, jimla kusan 81. TL072 kuwa da yake ƙafafunsa JFET ne karant ɗinsa wajen 0.01 pA/√Hz ne, jimlarsa kusan 45. Ka ga zakaran ɗazu ya koma baya, kuma abin da ya canza rezista ɗaya ce kusa da V1. Wanda bai sa ta ba kullum NE5532 zai zaɓa ko a inda bai dace ba.

Ba zan iya rubuta Rser a cikin V1 ɗin kawai ba?

Akwai gurbin a LTspice, amma ni ba na amfani da shi a aikin hayaniya. Ka ajiye rezista a fili ka sa mata suna Rs, domin bayan Run in ka danna kanta giraf zai nuna maka kasonta ita kaɗai a mafita, haka za ka bi kowace rezista ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifi. Abin da ke ɓoye a cikin akwatin saiti bayan wata biyu kai kanka ka manta da shi.

In ina so in ga hayaniyar amfilifayar ita kaɗai ban da ta makirfon?

Kada ka cire Rs, in ka cire ta ka koma matsalar ɗazu. Ka rufe mata baki kawai. A LTspice ka rubuta noiseless bayan ƙimarta, wato 150 noiseless, a ngspice kuma noisy=0. Juriyar tana nan, karant ɗin ofam zai bi ta cikinta, ita ce dai ba ta ƙara nata. Haka nake yi wa rezistar da na sa don kawai manhaja ta daina kukan wata mahaɗa ba ta da hanyar DC zuwa gurawun, da rezistar lodi da ba ta cikin abin da nake aunawa.

Masu neman noyis figa kuma, wato ma'aunin yawan hayaniyar da amfilifaya ta ƙara a kan ta tushen: ka raba jimlar da kason Rs, ka ɗauki 20log. A misalinmu 5.4 a kan 1.6 ya kama wajen dB 10 da rabi, wanda ke gaya maka cewa NE5532 kai tsaye a kan makirfo om 150 ba shi ne ƙarshen kyau ba, shi ya sa miksa masu tsada suke sa taransifoma ko turansistoci a gaba, ko ofam irin LT1028 da AD797 da ke ƙasa da 1 nV/√Hz.

Tushen wutar sakit ɗin fa, su V+ da V-, suna ƙara hayaniya?

A manhaja a'a, tsit suke, sun fi kowane batir tsabta. A kan tebur kuwa ba haka ba ne, regyuleta 7805 na kasuwa, mai daidaita wuta zuwa bolt 5, detashit ɗinsa na cewa wajen 40 µV tsakanin 10Hz da 100kHz, in ka baje shi ya kai kusan 126 nV/√Hz, ka kwatanta da 5 ɗin da muke ta ƙoƙari a kai. Ofam yana tare mafi yawa, amma matakin turansista ɗaya mai rezista a kalekta, ko rezistoci biyun nan masu raba wuta don bayas, kai tsaye suke shigo da shi.

In kana so ka gani sai ka ƙera tushe mai hayaniya da kanka, kuma dabarar ba wuya. Rezista om 60.3 a digiri 27 tana ba da 1 nV/√Hz. Ka ajiye ta a gefe, ƙafa ɗaya a gurawun, ɗayar ka kai ta ga mashigar tushen E, wato tushen boltej da wani boltej ke juyawa, ka sa ninkin E ya zama adadin nanobolt ɗin da kake so, sannan ka jera mafitar E da batir ɗinka.

Rn n 0 60.3
E1 vcc x n 0 126
V2 x 0 DC 5

Shi ke nan, vcc ya zama bolt 5 mai 126 nV/√Hz. In kana da tushe biyu masu hayaniya kowanne ka ba shi rezistarsa daban, in suka ci daga rezista ɗaya hayaniyarsu za ta zama tagwaye masu tafiya tare, a wani wurin su soke juna a wani wurin su ninku, alhali regyuleta biyu na gaske babu ruwan wani da wani. Bayan ka gani da idonka sai ka gwada sa 2 maimakon 126, wanda shi ne kusan abin da regyuleta LT3042 ke bayarwa a 10kHz, ko ka sa rezista da kafasita a layin wutar, ka ga wanne ya fi maka araha.

Sakit ɗina ƙafa biyu yake shiga, na sa V1 da V2, wanne zan rubuta a .noise?

Suna ɗaya kawai layin ke karɓa. In ka rubuta V1 alhali siginar gaske tsakanin ƙafafun biyu take, sai ka tabbatar ninkin da aka lissafa shi ne wanda kake nufi. Hanya mafi tsabta: tushe ɗaya Vd mai AC 1 a gefe, sai E biyu suna kallonsa, ɗaya ninki 0.5 ɗaya -0.5, su biyun a tsaye kan wani tushe na DC da ke riƙe matsakaicin boltej ɗin ƙafafun. Kowace ƙafa da Rs ɗinta. In mafitar ma biyu ce ka rubuta V(outp,outn). Tushen E ba shi da hayaniya, ba zai ɓata maka lissafi ba.

Ni fotodayod nake da shi ba makirfo ba.

To tushen karant za ka sa, I1, shi za ka ambata a layin, inoise kuma zai fito a A/√Hz. Kar ka manta da kafasitar dayod ɗin a gefen I1, ita ce ke sa hayaniyar boltej ta ofam ta kumbura a manyan firikwensi. Rezistar fidbak 1Meg tana ba da wajen 0.13 pA/√Hz, kuma a nan ƙara girmanta rage hayaniya yake yi. Af, ka rubuta 1Meg fa, in ka rubuta 1M a SPICE kashi ɗaya cikin dubu na om ka sa, ba om miliyan ba, wannan kuskuren ya cinye wa mutane dare da yawa.

Na bi duk wannan amma lambar ofam ba ta yi daidai da detashit ba.

Ba kowane model ba ne aka gina shi da hayaniya a zuciya. Tsofaffin da yawa an yi su ne don .ac da .tran, hayaniyar da suke fitarwa ta rezistocin cikin model ɗin ce kawai, wani ya yi ƙasa wani ya yi sama. Kafin ka yarda da shi ka gwada shi shi kaɗai: ninki 1, mafita a ɗaure da ƙafar ragi, V1 kai tsaye a ƙafar tarawa, nan ne kaɗai wurin da na yarda ka cire Rs. Abin da ya fito ka ɗora shi kan giraf ɗin detashit, ka duba 1kHz ka duba 10Hz. Sannan ka sa babbar Rs mai noiseless ka ga ko hayaniyar karant tana nan. In bai yi ba, a LTspice akwai UniversalOpamp2 mai gurbin En da Enk da In da Ink, ka cika da hannunka daga detashit. Ga turansista kuma ka buɗe layin .model ka nemi KF, in babu shi to sifili ne, ma'ana babu hayaniyar 1/f, wadda ke ƙaruwa a ƙananan firikwensi, ko kaɗan, giraf ɗinka zai kwanta lafiya har ƙasa alhali na gaske yana hawa.

Ni lamba ɗaya nake so in rubuta a rahoto, ba giraf ba.

A LTspice ka riƙe Ctrl ka danna sunan V(onoise) a saman giraf, zai ba ka jimlar RMS ta iya zangon da ke kan allo. Ko ka ƙara layi:

.meas noise jimla INTEG V(onoise) FROM 20 TO 20k

ka duba amsar da Ctrl+L. A misalinmu 5.4 nV sau 101 sau 141, wanda shi ne sikwaya-rut ɗin faɗin 20Hz zuwa 20kHz, ya ba da kusan 77 µV a mafita. In kana son abin da za ka gani a osiloskof daga ƙoli zuwa ƙasa ka ninka da 6.6. Lambar da babu zango a gefenta ba ta da ma'ana, kullum ka rubuta daga ina zuwa ina. Kar ka fara daga 0 da dec, ba zai yiwu ba, kuma ka sa maki da yawa, 100 a kowane ninki goma ba ya cin lokaci. In kana son duk abin da zai isa mafita ka wuce inda filta ta yanke sosai, domin filta mai RC ɗaya tana barin hayaniya kamar faɗinta ya kai sau 1.57 na inda ta yanke. Gwaji mai daɗi: rezista kowace iri da kafasita 1n, ka share har can sama, jimlar za ta tsaya wajen 2 µV ko 1k ka sa ko 100k. In ka samu haka to saitinka daidai ne.

Shi inoise kuma kar ka tara shi a wajen zangon da amfilifayar ke aiki, inda ninki ya faɗi rabawar na sa shi tashi sama ba gaira ba dalili.

A ngspice lambobina sun fito kamar 1e-17, na LTspice kuma 4n.

Abu ɗaya ne, ɗaya an ninka shi da kansa. Tsohon SPICE3 da tsofaffin ngspice V²/Hz suke bugawa, 4 nV sau 4 nV shi ne 1.6e-17. Sababbin suna ba da V/√Hz sai in an kunna sqrnoise. Kuma sakamakon gida biyu yake, noise1 ke riƙe da onoise_spectrum da inoise_spectrum, noise2 ke riƙe da jimla, sai ka yi setplot noise1 kafin plot. Masu KiCad, ngspice ne a ƙarƙashin naku.

Zafin garinmu yana kai 45, sai na canza .temp?

Ka canza in kana so, amma ga rezista bambancin kaɗan ne, domin da Kelbin ake lissafi, 318 a kan 300 a ƙarƙashin sikwaya-rut kashi 3 cikin 100 ne kacal. Inda zafi ke cizo shi ne karant ɗin da ke zurara a ƙafafun JFET da fotodayod, wanda ke ninkuwa kusan duk digiri 10, da kuma bayas da ke gocewa. In ka yi dabarar om 60.3 ɗin can ka tuna ita ma za ta bi zafin, a LTspice sai ka ƙara mata temp=27 ta tsaya wuri ɗaya.

Na haɗa a zahiri, abin da nake ji buuu ne mai kauri, kuma babu shi a giraf.

Wannan ba na .noise ba ne. 50Hz ɗin wutar NEPA ce, ko 100Hz daga rektifaya, ko ƙazantar inbata da cajar waya, kuma manhaja ba ta san wayar makirfonka ta bi ta gefen taransifoma ba. Gwajin farko ka cire adafta ka sa batir, ka kashe janareta in da hali, ka ɗaure mashiga da rezista om 150 a daidai bakin soket. Abin da ya rage mai laushi kamar ruwan sama a kan kwano shi ne wanda ka lissafa. In kana son ganin tasirin wutar a manhaja ka mayar da AC 1 ɗin kan tushen wuta ka yi .ac, zai nuna maka kaso nawa ke tsallakawa zuwa mafita a 50Hz da 100Hz, amma ka tuna ka dawo da shi wurinsa bayan ka gama.

Zan iya ganin hayaniyar tana rawa a .tran?

Za ka iya amma sai ka sa ta da kanka, a .tran rezistoci shiru suke. A ngspice akwai TRNOISE da ake rubutawa a layin tushen boltej, a LTspice kuma tushen B da white(), misali V=white(2e6*time)/100, sai ka ƙanƙanta matakin lokaci don kada a tsallake maki. Ka sani wannan tushen B ɗin ba ya bayyana a .noise, duniyarsu daban. Haka sakit ɗin da rayuwarsa kunnawa da kashewa ce, irin su osileta da miksan rediyo da filta mai sauya kafasita da kwanbata mai suwicin, .noise zai kama shi a tsaye a matsayi ɗaya ya ba ka lambar da ba ta shafi aikinsa ba. Irin waɗannan masu zana cif suna yi da umarnin PSS da Pnoise a wata manhaja mai suna Spectre, ɗalibi mai LTspice kuwa sai dai .tran mai tsawo da FFT, lissafin da ke rarraba sigina bisa firikwensi, ka kunna ka je ka yi sallah ka dawo.